Sanarwa: yadda za mu riƙa rubuta wurin ciwo

Salama alaikum ƴan uwa ɗaliban jinya na rukuninmu na Jos. Kafin zagayen ɗakunan marasa lafiya na Litinin, a kula da wannan.

Duk bayanin wuri a jiki ana yinsa ne kamar mutum yana tsaye, fuska gaba, hannaye a gefe, tafin hannu na kallon gaba, ko da kuwa yana kwance rub da ciki. Dama da hagu na mara lafiya ne, ba naku ba. A nan aka fi yin kuskure, don idan kun fuskance shi damarsa tana hagunku.

Don Allah a daina rubuta "ciwon ciki" kawai. A ja layi biyu a zuci, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, su haɗu a cibiya. Ciki ya kasu huɗu ke nan. Sama ta dama, ƙarƙashin haƙarƙari, hanta ce da matsarmama. Sama ta hagu, tumbi da saifa. Ƙasa ta dama akwai afendis (ɗan ƙaramin reshen hanji), wanda ciwonsa kan fara a zagayen cibiya kafin ya sauko can, shi ya sa a tambayi inda ya fara, a kuma ce mara lafiya ya nuna wurin da yatsa ɗaya.

Ƙoda biyu suna can baya, ta dama ta ɗan fi sauka saboda hanta. Mafitsara da mahaifa suna cikin ƙashin ƙugu. Mace mai ciwon mara a gefe ɗaya wadda al'adarta ta makara, a kira likita nan take.