Tsamin Nono Ba Ya Kashe Su

Sakkwato.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na san shirun nan ya yi tsawo, amma abin da na gani a ɗakin gwaji ranar Talata ya hana ni ƙara jinkiri, domin ya taɓo gardamarmu ta gindin darbejiya.

Ka tuna yadda ka kafe cewa tsamin nono ya isa ya kashe kowace ƙwayar cuta? To, na zuba bakteriyar E. coli cikin kwalabe biyu na ruwan asid mai ma'aunin pH 2.5, wato kusan tsamin da ke cikin tumbin mutum, sai na ƙara wa guda ɗaya gulutamet, ɗaya daga cikin amino asid 20 da ake gina furotin da su. Bayan awa biyu na shafa kowanne a farantin renon bakteriya. Washegari farantin farko fayau yake, na biyun kuwa ya cika da ɗigo-ɗigo farare na bakteriyar da ta rayu, har sai da na kira Malam ya gani da idonsa.

Dabarar ita ce, idan asid ya kutsa cikin ƙwayar, sai ta juya gulutamet zuwa wani sinadari mai suna GABA, kuma kowane juyi yana cinye ƙwayar haidirojin guda, wadda ita ce tushen tsamin. Daga nan ta fitar da GABA ta wata kafa a jikinta, ta shigo da sabon gulutamet ta kafar nan dai, ta ci gaba da haka har ta wuce tumbi ta isa hanji da ranta. Tana yin makamancin wannan da wasu amino asid ɗin, wato arjinin da laisin.

Gishiri ma da nasa maganin, domin wasu bakteriya suna tara furolin, wani amino asid, don kada ruwan jikinsu ya tsotse, abin da ya sa na fara duban kilishi da wani ido.

Amma nonon ne ya fi damuna. Tsaminsa bai kai na kwalabata ba, furotin ɗin madara cike yake da gulutamet, ga shi shanu na ɗauke da nau'in E. coli mai sa cuta da ake kira O157:H7 ba tare da sun nuna alamar ciwo ba. A wannan zafi da ya haura digiri 40, yara suna shan fura safe da yamma. Na gaya wa Inna a riƙa tafasa madara kafin a kwantar da ita, kuma ta amince.

Don Allah ka faɗa wa uwargida haka nan, ka kuma gaida mini yara.

Naka amini.