Mitar mota ta mutu? Don Allah a daina saurin cewa "sai an canja"

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina yi maka fatan alheri kai da abokan aikinka. Ka ɗan ba ni fili in yi magana a kan wani abu da yake cin kuɗin masu tsofaffin motoci a nan Katsina ba gaira ba dalili, wato matsalar allon mita na dashbod, irin mai nuna lambobi da haske, wanda za ka murɗa makulli mota ta tashi lafiya lau amma allon ya yi baƙi ƙirin, ba ka ganin gudu ba ka ganin gejin mai, komai ɗif.

Yawancin motocinmu Beljiyam ne, da yawa ta Kwatano suka biyo suka shigo ta Jibiya ko Kongwalam tun kafin gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakar ƙasa a farkon 2017, kaga ke nan wasu sun haura shekara 20 a duniya. Honda Civic ƙirar 2006 zuwa 2015 lamba ce take nuna gudu a saman dashbod ba allura ba, Accord ta 2003 da ake ce wa EOD kowa ya san allon rediyo da AC ɗinta yana yawan ɗaukewa, Peugeot 406 kuma da aka riƙa haɗawa a Kaduna rubutun ƙaramin allonta yakan zube rabi da rabi har ka kasa karanta agogo. Duk sanannun abubuwa ne. Abin da yake ɓata min rai shi ne da ka kai wa wasu masu rewaya, ko bonet ba su buɗe ba za su ce maka Alhaji mitar ce ta ƙone sai an aiko da wata daga Kano. To ya aka yi ka sani? Da ido?

Ai allon nan wuta yake ci, sai a fara tambayar ko wutar tana isa gare shi. Abu na farko ma ba ya buƙatar makanike, akwai ɗan maɓallin rage hasken dashbod kusa da sitiyari ko a jikin mitar, yaro mai wankin mota zai iya murɗe shi bai sani ba. Sai fiyus. Akwatin fiyus yawanci biyu ne, ɗaya ƙarƙashin dashbod ɗaya cikin bonet, kuma a jikin murfin an zana wanne ne na me. A cire a duba, in ya tsinke a sa mai lamba iri ɗaya, 10 a sa 10, 7.5 a sa 7.5. In ya sake tsinkewa nan take to akwai wayar da take taɓa bodi, a nemo ta. Wannan ɗabi'a ta naɗa silin waya ko takardar kwalin sigari a madadin fiyus wallahi ita ce take ƙona motoci, don fiyus an yi shi ne ya mutu a madadin kayan tsada.

Daga nan batir da caji. Batir mai lafiya in mota a kashe take yana nuna wajen volt 12.6 a na'urar awon wuta, in inji na aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. In ka ga ya haura 15 to altaneta ce take cika wuta, kuma ko sabuwar mita ka sa za ta bi ta farkon. Nan ma ina roƙon makanikanmu su daina cire kan batir inji yana aiki wai don a gwada caji. A zamanin 504 an yi haka an kwana lafiya, amma mota mai kwamfuta ba ta ɗaukar wannan wasan. Haka masu walda da suke aiki a jikin mota ba su cire batir ba, da masu haɗa batir da batir a juye cikin duhu.

Wayar at ita ce aka fi mantawa, baƙar wayar nan da ake ɗaurewa da noti a jikin ƙarfen mota. In ta yi tsatsa ko ta saki sai ka ga abin mamaki, ka kunna sigina mita ta lumshe, ka taka birki ta dawo, har wani ya fara zancen a nemo malami. Goge ta kawai za a yi a ɗaure. Kuma mai mota ya tambayi kansa, me aka taɓa kwanan nan? Sau da yawa za ka tarar jiya-jiya aka sa sabuwar rediyo mai Android ko na'urar bin sawun mota, aka yanyanka wayoyin bayan dashbod aka naɗe da salatif.

In duk wannan lafiya ne sai a zo kan allon kansa, kuma nan ne nake son masu karatu su nutsu. Ka kunna makulli ka haska tocilar wayarka a jikin allon ta gefe. In ka hango lambobin dishi-dishi, to allon da ransa, fitilar bayansa ce ta mutu, gyaran ba shi da tsada. In kuma yana zuwa yana ɗaukewa, da safe da sanyi ya yi aiki rana ta take ya mutu, ko ka faɗa rami a hanyar Mashi zuwa Daura ya dawo, ko ka ɗan bubbuga saman dashbod ya farka, wannan dalma ce ta tsage a jikin bod ɗin, wato faifan lantarkin da ke cikin mitar, ko soket ɗin baya ya saki. Dalili a fili yake. Motar da aka bari a rana a watan Afrilu a Katsina, zafi ya kai 40 a waje, cikin dashbod ya zama tanda, dare ya yi ta huce, gobe haka, ga girgizar hanya, dole dalma ta gaji, kafasito ma ya bushe ko ya kumbura. Wannan ba aikin mai rewaya ba ne a gaskiya, aikin masu gyaran talabijin da waya ne, waɗanda hannunsu ya saba da dalma, kuma muna da su birjik a gari, matasa masu basira. Mai rewaya ya kwance ya kai musu, ba faɗuwa ba ce.

Sa wa mota kwamfuta ma yana taimakawa. Motocin Amurka daga 1996 duk suna da soket ɗin OBD2 a ƙarƙashin sitiyari, na Turai masu fetur daga 2001. In na'urar tana karanta gudu da zafin inji amma mita shiru, an san inji ba ruwansa.

Canja mita gaba ɗaya shi ne na ƙarshe, kuma shi ma da nasa rigimar. A motoci da yawa lissafin tafiyar da mota ta yi a cikin mitar yake, ka sa wata sai ta nuna na wata motar, ranar sayarwa a ce ka yi coge. Wata ta Amurka ce da mil take lissafi ba kilomita ba. A wasu motocin Jamus kuma tsaron makulli a cikin mitar yake, ka canja mota ta ƙi tashi sai an yi mata furogiramin.

Su kuma masu cewa ai mota na tafiya a bar shi kawai, musamman direbobin haya, in allon ya tafi da gejin zafi da fitilar baƙin mai fa? Ruwan lagireto zai ƙare ba ka sani ba sai gasket ya ƙone a tsakiyar daji da fasinja.

Malam Edita da za ku ware ɗan shafi ko sau ɗaya a wata ku riƙa gayyato ƙwararrun masu rewaya suna amsa tambayoyin mutane da Hausa, da mun ji daɗi, kuma ƙungiyar makanikai ta jiha ta taimaka ta matsa wa kowane mai koyon rewaya ya mallaki na'urar awon wuta kafin a yaye shi.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
Mai karatu daga Ƙofar Ƙaura, Katsina