Yadda Masu Zuba Jari Ke Auna Tsaftar Muhallin Kamfani

Malam Edita,

Ka ba ni dama in yi wa masu sayen hannun jari bayani a kan yadda ƙwararru ke duba batun muhalli kafin su sa kuɗi. Abin da suke nema shi ne bashin da bai fito a littafin kamfani ba: tara, diyya da kuɗin gyaran wurin da aka gurɓata.

Sukan raba hayaƙin kamfani kashi uku: na masana'antarsa, na wutar lantarkin da yake saya, da na masu kawo masa kaya da masu amfani da hajarsa. Ga kamfanin mai, kashi na uku ne mafi yawa, kuma shi aka fi tauyewa a rahoto. Sai a auna tan nawa ake fitarwa a kan kowace dala miliyan ta ciniki, a gwada da takwarorinsa.

Inda ake yin tuntuɓe shi ne dogaro da alƙaluman da kamfani ya bayar da kansa. A 2015 aka gano Volkswagen ya sa manhajar yaudarar gwajin hayaƙi a motoci kusan miliyan 11. Malalar man kamfanin BP a mashigin tekun Meziko a 2010 kuwa misali ce ta wancan bashin da bai fito a littafi ba: ta ci wa kamfanin fiye da dala biliyan 60. Makin kula da muhalli da cibiyoyin auna kamfanoni irin su MSCI da Sustainalytics ke bayarwa ma yakan saɓa a kan kamfani ɗaya, shi ya sa mai hankali ke neman rahoton da wani mai bincike daga waje ya tantance.

Naka,
Mai karatu daga Kaduna