Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 Ga Mambobin Ƙungiyarmu Ta Ungozomomi

Assalamu alaikum. Iyayenmu da suka yi ritaya, yayyenmu da ƙannenmu da ke ɗakunan haihuwa, barkanmu da ganin ƙarshen shekara. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Ga bayanin amanar da kuka ɗora wa kwamitin gudanarwa.

Yawancin ƙarfinmu bana ya tafi ne kan zubar jini bayan haihuwa, don babu abin da ya kai shi ɗauke mana mata. Bitar da muka zagaya da ita asibitocin karkara mun gina ta ne kan binciken E-MOTIVE da aka fitar a 2023, wanda aka yi a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangaren ƙasar nan. Kowaccenmu ta san yadda zani da katifa ke shanye jini, a duba da ido a ce ai kaɗan ne, alhali mace ta wuce mililita 500. Ledar nan mai ma'auni da ake shimfiɗa wa maijego don tara jinin da ke zuba ita ta raba gardama. Da zarar jini ya kai layi, ba a tsayawa gwada magani ɗaya a jira a gani. Murza mahaifa, allurar oxytocin mai sa mahaifa ta tsuke, allurar tranexamic acid mai tsayar da jini, ƙarin ruwa da neman inda jinin ke fitowa, duk a tare ake yinsu. A binciken, hakan ya rage mummunar zubar jini da kashi 60 cikin ɗari.

Sai dai ɗakin bita daban, ɗakin haihuwa daban. Ledar ta ƙare a wurare da dama, ba a sake kawowa ba. Oxytocin kuma sai da firji, ga wuta babu, zafin bazara ya kashe masa ƙarfi, a yi wa mace allura jini ya ci gaba da zuba. Mun rubuta wa hukuma muna neman firji mai sola, ko allurar carbetocin, makwafin oxytocin mai jure zafi. Har yau shiru. Abin da ke hannunmu dai mun fara: rajistar matasan unguwa masu ba da jini, kowa da rukunin jininsa, don a daina tura miji neman jini da tsakar dare.

Zamanmu da ungozomomin gargajiya ya fi yadda muka zata armashi. A ganina faɗa da su ɓata lokaci ne, su ake fara kira kafin mu. Mun yi yarjejeniya cewa naƙudar da ta wuni ta kwana, ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da jijjiga, duk asibiti za a nufa. Sun karɓi man chlorhexidine na cibiya maimakon gasa cibiyar da shafa mata man goge baki. Kunun kanwa da wankan jego ne suka gagara. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka alaƙanta su da ciwon zuciyar masu jego, amma surukai ke da wannan hukunci, don haka baɗi da su za mu zauna.

Mun yi bikin Ranar Ungozoma ta 5 ga Mayu, a Makon Shayarwa na farkon Agusta kuma muka shiga gidaje kan a daina zubar da dakashi. Masu yoyon fitsari da suka zo mana mun haɗa su da asibitin Babbar Ruga a Katsina.

Wasu daga cikinmu sun tafi aiki Saudiyya da Ingila, ba mu ga laifinsu ba, amma aikin dare ya koma kan mace ɗaya a asibitoci da yawa. Kuɗin wata-wata ma ya ja baya, Ma'aji za ta karanto dalla-dalla a babban taro. Wadda lasisinta ya kusa ƙarewa ta ga Sakatariya kafin ranar, kowane reshe kuma ya zo da jerin kayan da suka ƙare a ɗakin haihuwarsa, don mu haɗa da wasiƙa ta gaba.

Wassalam.
Sakatariya, a madadin kwamitin gudanarwa