Safar wankin mota: abin da ya kamata a duba kafin a saya

Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin mu ja hankalin masu mota da 'yan'uwanmu masu sana'ar wanki a kan abin da ake saɓa jikin mota da shi. Ana raina wannan abu, alhali shi ne yake dusashe fentin motoci da yawa a garuruwanmu.

Duk wanda ya tsaya kusa da baƙar mota da tsakar rana ya kalli bonet ɗinta, zai ga wasu siraran zane-zane sun kewaye hasken rana kamar saƙar gizo-gizo. Mai mota yakan ɗora wa rana laifi, ko ya ce fentin ne marar kyau. Galibi a wurin wanki aka samo su, ko a hannun yaron gida da yake kaɗe ƙura da busasshen tsumma kowace safiya.

Fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai shafin farko da yake kama ƙarfe, sai launi, sai wani shafi marar launi a sama wanda shi ne yake ba da ƙyalli. Duka-duka kaurinsu bai cika wuce maikuron 100 zuwa 150 ba, kuma maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Shafin ƙyallin kaɗai yana kama 40 zuwa 50, wato bai kai kaurin silin gashin kai ba. A kan wannan ɗan siririn shafi duk wani karce yake sauka. Idan aka kai motar aka buga mata folish, karcen ba cikewa yake yi ba, kankare shafin ake yi har ya daidaita da zurfin karcen. Yau a kankare, gobe a kankare, wata rana sai ya ƙare, daga nan babu sauran magani sai sabon fenti.

Mu kuma ƙurarmu ba ta da sauƙi. Iskar hunturu tana kwaso ta daga Sahara, musamman kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta haɗu da jar ƙasar titunanmu. A cikinta akwai ƙananan ƙwayoyin yashi, kuma ma'adinin yashi yana da lamba 7 a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, ya fi gilashi tauri, balle fenti. Saboda haka idan za a zaɓi abin wanki, laushinsa a hannu ba shi ne tambayar farko ba. Tambayar ita ce, idan ya ɗauki ƙwayar yashi daga jikin mota, ina yake kai ta? Ya shigar da ita ciki nesa da fenti, ko ya bar ta a fuskarsa ana ta jan ta a kan ƙofa?

Da wannan ma'auni soson katifa ya faɗi. Fuskarsa a shimfiɗe take, yashi ba shi da wurin ɓuya, sai ya maƙale tsakanin soso da fenti, hannu kuma yana dannawa. Wanda ya shiga ƙananan ramukansa ma ba ya fita da ɗauraya. Tsohuwar singileti da yankin tawul da aka gaji da shi a gida duk hukuncinsu ɗaya, ga kuma ɗinkin bakinsu mai tauri. Soson raga da na buhu kuwa, kada ma a kusantar da su jikin mota.

Abin da ya dace shi ne safar hannu ta wanki, wadda ake zura hannu a ciki, tana da gashi ko zare mai tsawo a waje. Iri uku ne suka fi yawa a kasuwa.

Na farko mai tsiron zare ne kauri-kauri, kowane tsiro ya kai santimita 2 zuwa 3, an yi shi da zaren maikurofaiba. Wannan zare haɗin foliyesta ne da foliyamaid, wato nau'i biyu na zaren roba, an tsaga shi ya yi siriri ƙwarai, shi ya sa yake kama datti yana kuma shan ruwa. A ganinmu wannan ita ce ta fi dacewa da yanayinmu. Yashi yana shigewa tsakanin tsiron, kuma da an girgiza ta a ruwa sai ya zube. Tana jure wanki, kuɗinta ma da dama-dama.

Na biyu shi ma maikurofaiba ne, amma gashinsa siriri ne a cunkushe. Ya fi lallaɓa fenti, sai dai yana riƙe datti da ƙarfi, dole a tsaya a tsefe shi da yatsu a cikin ruwa bayan kowane ɓangare. Wanda yake wanke mota ashirin a rana ba zai samu wannan sukunin ba, amma mai wanke motarsa a gida ran Asabar zai ji daɗinsa.

Na uku na fatar ɗan rago ne da gashinsa a jiki. Babu wanda ya kai shi laushi, kuma masu baƙar mota sabuwa suna son sa. Matsalarsa tsada da wuyar riƙo. Idan aka ajiye shi da danshi, musamman da damina, fatar takan yi wari ta ruɓe, gashin ya fara zuba. Idan kuma aka shanya shi a zafin ranar watan Afrilu, sai fatar ta ƙandare ta tsage. Akwai na jabu da aka yi da zaren roba, ana gane shi idan aka juya cikinsa aka ga yadi maimakon fata.

A shagon kayan mota, ko a Ƙofar Ruwa ne a Kano ko Panteka a Kaduna, kada a saya a leda a rufe. A buɗe, a raba zaren da yatsu. Idan nan da nan aka hango yadin ƙasa, zaren bai cika ba, yashi zai taɓo fenti. A ja tsiro ɗaya a gani, idan ya tsinke ko ya bar burbushi a hannu, a mayar. A duba takardar jikinta, mai kyau takan nuna kashi 80 foliyesta da 20 foliyamaid, ko 70 da 30, kuma na biyun ya fi laushi da shan ruwa. Wadda aka rubuta foliyesta zalla ta fi arha, amma ruwa zamewa yake yi a kanta. Sannan a shafa ɗinkin gefe. Ana son ya zama a ciki yake, ba ya taɓa mota, domin sau da yawa zaren yana da kyau amma ɗinkin ne yake yin ɓarna. Ita kanta takardar a yanke ta da almakashi kafin a fara aiki.

Bakin safar ya kama wuyan hannu sosai. Safar da ta jiƙe tana da nauyi, idan robar bakin ta yi sako-sako za ta sulluɓe ta faɗi ƙasa. Wasu suna da siririn soso a ciki don riƙe ruwan kumfa, hakan yana da amfani, amma idan ya yi kauri hannu zai gaji kuma ba ta bushewa da wuri. Game da launi, a zaɓi mai haske, fara ko ruwan ɗorawa, domin a riƙa ganin datti. Wanda yake da shakka zai iya gwada ta a bayan tsohon faifan CD, ya jiƙa ta ya shafa a hankali. Idan ta bar zane a nan, to ba ta fenti ba ce.

Guda ɗaya ba ta isa ba. Ana bukatar ɗaya ta saman mota, daga rufi zuwa tsakiyar ƙofa, ɗaya ta ƙasan ƙofofi da bamba inda taɓo da kwalta suke taruwa, sannan wata daban, ko buroshi, na taya da wili. Ƙurar birki tana ɗauke da ɓarɓashin ƙarfe, kuma duk safar da ta taɓa wili ta gama da fenti har abada. A bambanta launinsu don kada yaran wanki su cakuɗa.

Ko safar ta kai kyau ina, idan aka tsoma ta a bokiti ɗaya daga farkon mota zuwa ƙarshe, an koma gidan jiya. A fara da fesa ruwa daga sama zuwa ƙasa har sai mafi yawan ƙurar ta sauka kafin hannu ya taɓa. A ajiye bokiti biyu masu cin lita 15 zuwa 20, ɗaya na kumfa, ɗaya na ruwa zalla. An gama rufi, a girgiza safar a ruwa zalla, a matse, sannan a koma kumfa. Akwai wata raga ta roba da ake sakawa a gindin bokiti, yashi ya nutse ƙarƙashinta ba ya sake tasowa, idan an samu a saya. Sabulu kuma na mota ake so, a auna shi yadda aka rubuta a jikin gorar. Sabulun gari na wankin kaya yana cire kakin da aka shafa wa fenti, yana busar da robobin gilashi, kuma ƙwayoyinsa da ba su narke ba su ma karce suke yi.

Kada a danna. Nauyin jiƙaƙƙiyar safa ya wadatar. A ja ta miƙe, daga gaba zuwa baya, a juya ɗaya gefen idan an kai rabin ɓangare. Kashin tsuntsu ko ƙaron darbejiya da ya bushe, a ɗora masa jiƙaƙƙen ƙyalle na minti biyar ya yi laushi, kada a kankare da ƙarfi. Idan safa ta faɗi ƙasa, a ajiye ta gefe a ɗauko wata, girgizawa a bokiti ba ta fitar da abin da ta kwasa. A kuma yi wanki a inuwa, jikin mota da sanyi, domin ruwan rijiyar burtsatse yakan bar farin tabo idan ya bushe a kan ƙarfe mai zafi.

Bayan aiki a wanke safar ita kaɗai da sabulun ruwa, da ruwa mai ɗan ɗumi wanda bai wuce digiri 40 ba. Kada a haɗa ta da kayan auduga, burbushinsu yana toshe zaren. Ban da bilic, ban da ruwan laushin tufafi, ban da guga, domin zaren roba ne, zafi yana narkar da bakinsa ya yi kaushi. A rataye ta a inuwa inda iska take shiga, idan ta bushe a sa ta a leda ko bokiti mai murfi. Wadda aka bari a kan katanga ta kwana da hunturu ta riga ta cika da abin da ake gudu. Da zarar tsiron ya dunƙule, ko ya yi tauri, ko an wanke amma ana jin tsakuwa a ciki, a mayar da ita ta taya a sayi sabuwa.

Masu mota da suke kai wanki waje, muna ba su shawara su sayi nasu guda biyu su ajiye a but cikin leda, su miƙa wa mai wanki, su karɓa idan ya gama. Babu mai wankin kirki da zai ji haushin haka. Masu wuraren wanki kuma, a ƙara bokiti ɗaya a kowane layi, a hana yara ajiye kayan aiki a ƙasa.

Mun gode, Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu masu sana'ar wankin mota da fenti,
Kano.