Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Magatakardan Hukumar MDCN: A Koya wa Ɗaliban Likitanci Karanta Tabon Azaba

Ranka ya daɗe,

Muna roƙon hukumarka, mai kula da horar da likitoci da yi musu rajista a Najeriya, ta shigar da binciken alamomin azabtarwa cikin manhajar ɗaliban likitanci. Tun 2017 dubban 'yan Kamaru ke neman mafaka a Kuros Riba, Binuwai da Taraba, kuma sau da yawa jikin mutum ne kaɗai shaidar da ya tsere da ita. Ƙa'idar aikin tana nan: Yarjejeniyar Istanbul ta 1999, wato jagorar Majalisar Ɗinkin Duniya kan binciken azabtarwa, wadda aka sabunta a 2022.

Likita ba alƙali ba ne. Aikinsa shi ne ya faɗi yadda tabo ya yi daidai da labarin, bisa matakai biyar: bai dace ba, ya dace, ya dace sosai, irin tabon da abin ya saba bari ne, ko kuma ba abin da zai haifar da shi sai wannan. Wanda ya rubuta "an azabtar da shi" kai tsaye ya raunana rahotonsa.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne wajen fata. Kurman rauni kan ɓace cikin mako biyu zuwa uku, a baƙar fata ma da ƙyar ake ganinsa. Dukan tafin ƙafa ba kasafai yake barin tabo ba, sai ciwo wajen tafiya. Ratayewa ta hannu na lalata jijiyoyin kafaɗa, don haka dole a gwada ƙarfin hannu da jin taɓi. Rashin tabo ba ya nufin ƙarya. Kuma ɗalibinmu ya kamata ya bambance tabon ƙaho, tsagar wanzami da sakiya daga ƙunar taba sigari, abin da littattafan Turai ba su cika nunawa ba.

Kowane tabo a auna shi da santimita, a zana shi a hoton jiki, a ɗauki hotonsa da ma'auni a gefe, bayan an nemi izini. Tafinta kada ya zama ɗan'uwa, domin macen da aka yi wa fyaɗe ba za ta faɗa a gaban ƙaninta ba. Idan ranaku sun rikice a labarin, a duba firgicin da ke dagula tunani kafin a yi zargi.

Muna ba da shawarar a haɗa darasin da zagayen sashen masu taɓin hankali: ɗalibi ya rubuta daftari, ƙwararren likita ya duba, shi ne kuma zai sa hannu.

Wassalam,
Wasu likitoci masu koyarwa