Ga Sababbin Shiga Harkar Ƙananan Jiragen Ƙasa a Zariya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana da matasa da magidantan da suka fara sha'awar ƙananan jiragen ƙasa na kan tebur, masu tafiya da lantarki a kan dogon da bai wuce faɗin yatsa ba. Wasu kan ce wasan yara ne. Mai faɗin haka bai taɓa kwana yana neman inda wuta ta yanke a layi ba. Harka ce da ta haɗa kafinta da gyaran rediyo da gini da sanin tarihi, kuma abin da ke korar sabon shiga kusan kullum ɗaya ne: ya fara da saye kafin ya fara da tambaya. Ya tsinci kan jirgi a gwanjo, ya samo taragai a wani wuri, ɗan'uwa ya aiko masa da taransifoma daga Amurka, ranar da ya haɗa su sai hayaƙi.

Abin da za a fara yankewa shi ne girma. Wanda ya fi yaɗuwa a duniya shi ne HO, inda aka rage komai sau 87, tsakanin dogayen biyu kuma milimita 16.5 ne. Na Ingila, wato OO, an rage shi sau 76 amma a kan wannan dogon yake tafiya, don haka kan jirgin kamfanin Hornby na Ingila zai hau layin HO lafiya, sai dai idan ka jera su za ka ga na Ingila ya ɗara da kusan kashi 14 cikin ɗari. Akwai N, ragin sau 160 a kan dogo mai milimita 9, wanda tsohon ƙyauren ɗaki ma ya ishe shi fili. Duk da haka ba ma ba ɗan Zariya shawarar farawa da N. Ƙafafunsa ƙanana ne, ba shi da nauyi, ƙurar hunturu ta wuni guda ta isa ta raba shi da wuta. A fara da HO ko OO.

A kula da tarko guda a cikin HO ɗin kansa. Kamfanin Märklin na Jamus yana yin nasa da tsari daban: wuta na bi ta wasu 'yan ƙusoshi da ke jere a tsakiyar layi, kan jirgin kuma yana da wani dogon falle na ƙarfe a cikinsa da ke gogar su. Idan ka juya kan jirgi ka ga wannan fallen, ba zai yi aiki a layin da wutarsa ke bi ta dogayen biyu ba. Ko taragonsa kaɗai ka ɗora, wuta za ta haɗe, domin ƙafar dama da ta hagu a haɗe suke da ƙarfe ɗaya. Sauran kawunan jirgi kuwa, kafin ka biya kuɗi, tafi da ƙaramin batir mai bolt 9, irin mai kusurwa huɗu, ka taɓa bakinsa biyu a ƙafar dama da ta hagu. In sun juya ba gargada, saya. In ya yi ƙugi bai motsa ba, ko tsohon maiko ne ya daskare ko haƙorin giya ya tsage. Na farko gyaran yamma ɗaya ne, na biyu kuwa sai ka nemo wani mataccen irinsa ka ciro. Duba ƙugiyoyin haɗa taragai kuma, don na Ingila da na Turai da na Amurka ba sa kama juna. Araha ba ta ado.

Sai maganar wuta, inda aka fi yin asara. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Taransifomar Amurka in ta shiga soket ɗinmu kai tsaye, ta ƙone nan take. Karanta abin da aka rubuta a jikinta tukuna. Ta Ingila da ta Turai sun dace da tamu. Tsarin tuƙi iri biyu ne. A tsohon tsari, DC, ana ƙara wutar layi daga sifili zuwa bolt 12, jirgi ya ƙara gudu, a juya wayoyi ya koma da baya. A sabon, DCC, wuta na nan a layi kullum, wajen bolt 14 zuwa 16, kowane kan jirgi yana da ɗan ƙwaƙwalwarsa da lambarsa, kuma sabo daga kamfani lamba 3 yake amsawa. DCC na da daɗi, kana tuƙa jirage uku a layi ɗaya, amma kada a bar kan jirgin DC a tsaye a kansa: zai yi ta ƙara kamar sauro, motarsa, wato injin lantarkin da ke juya ƙafafunsa, na zafi har ta mutu. Ga mai jirgi ɗaya ko biyu DC ya wadatar, kuma yana da wata fa'ida da ta shafe mu, wato ba ruwansa da ɗauke wuta. Batirin sola ko na mota mai bolt 12, da 'yar na'urar rage gudun injin lantarki, irin wadda ake kira PWM, da ake samu wurin masu kayan lantarki, da makunni mai ƙafa shida, shi ke nan. Ƙafafu huɗu na gefe a haɗa su a gicciye, wuta ta shiga ta gefe ɗaya, biyun tsakiya su tafi layi. Makunnin ne gaba da baya. Amma fa kada a kuskura a haɗa batir da layi ba kariya. Kan jirgin HO na zamani bai cika jan rabin amfiya ba, batirin mota kuwa in tarago ya goce wuta ta haɗe, zai turo abin da zai narkar da waya ya kama katako. Sa fiyus mai amfiya 2, ko kuma ka jera ƙwan birki na mota mai wat 21 a kan waya ɗaya. Lafiya lau ƙwan ba ya kamawa. Da zarar wuta ta haɗe sai ya haska, ya tare wutar a ƙasa da amfiya 2, ya kuma sanar da kai.

Tebur ba ya son dogon bayani. Falle ɗaya na filawud mai kaurin milimita 9 ko 12, ƙafa 4 da ƙafa 8, da firam na katako busasshe a ƙasa, sanda a kowane santimita 40 don kada ya lotsa. A shafe shi da fenti ciki da waje, a ɗaga ƙafafunsa daga jikin bango saboda gara. Hannun mutum ba ya wuce santimita 75 ba tare da ya danne wani abu ba, saboda haka in za a jingina teburin da bango, a rage faɗinsa.

Shimfiɗa dogo kuwa nan ne aikin yake. Nemi dogo mai launin azurfa, wanda aka yi da gaurayen nikel. Mai ruwan tagulla yana dusashewa da sauri, na baƙin ƙarfe kuma damina ɗaya ta ishe shi tsatsa. Lambar da ke jikin kwali, 100 ko 83 ko 75, tsayin dogon ne daga ƙasa zuwa sama. Tunda yawancin abin da ke zuwa hannunmu tsofaffi ne masu dogon leɓen ƙafa, wato bakin da ke hana ƙafa gocewa daga dogo, a sayi 100. A kan 75 leɓen zai riƙa dukan abin da ke riƙe da dogon, jirgi na tafiya yana tsalle. Kwana kada ta matse: daga tsakiyar da'ira zuwa layi kada ya gaza milimita 438 a OO, ko inci 18 a HO, dogayen taragan fasinja ma sun fi son inci 22, wanda shi ne iyakar abin da faɗin ƙafa 4 zai ɗauka. Hawa kada ya wuce santimita 2 a kowace mita. Sabon shiga yakan so gada tun ranar farko, to ya yi lissafi: kafin layi ya haye wani layi yana buƙatar tashi wajen santimita 8, wato tafiyar mita 4 hawa, wata mita 4 sauka. Teburin bai kai ba. In aka matsa, ƙafafu su yi ta juyawa a wuri ɗaya.

Ga wani abu da littattafan Turawa ba za su jaddada maka ba. Wanda ya shimfiɗa layi a watan Agusta, lokacin da katako ya sha danshi ya kumbura, ya kuma manne bakin dogo da bakin dogo, zai tashi a watan Janairu ya tarar layin ya yi maciji. Katakon ne ya bushe ya tsuke, dogon bai sami wurin zuwa ba sai gefe. Zafin bazara a ƙarƙashin kwano ma yana ƙara wa kowace mita ta dogo kusan sulusin milimita in zafi ya ƙaru da digiri 20. Maganin shi ne a bar tsaga kamar rabin milimita, kaurin katin gayyata, a kowace mahaɗa ta miƙaƙƙen layi. Kuma kada a dogara ga 'yan maƙalan da ke haɗa dogo su kai wuta, don suna saki. A ja wayoyi biyu masu kauri, irin 1.5 na wayarin ɗin gida, ja da baƙa, a ƙarƙashin tebur, a riƙa fito da siraran rassa ana liƙa su da dalma a gefen dogo na waje, kowace mita ɗaya. Gefen ciki hanyar leɓen ƙafa ce. In jirgi na rage gudu a can nesa da na'urar tuƙi, wannan ne dalili. In kuma ka zana layin da ke zagayowa ya dawo cikin kansa ta inda ya fito, dogon dama ya haɗu da na hagu ke nan, sai an yanke duka biyun a wuri biyu an sa wa yankin makunninsa.

Tarago mai yawan gocewa, kafin a zargi layi a auna shi. Tsakanin bayan ƙafa da bayan ƙafa ya zama wajen milimita 14.5. Nauyi kuma, ƙa'idar ƙungiyar NMRA ta masu ƙananan jirage a Amurka ita ce giram 28, a ƙara giram 14 a kan kowane inci na tsawonsa, wato tarago mai inci 6 ya kai kimanin giram 112. A manna noti ko washa a ƙasan cikinsa, a tsakiya.

Ƙura ba ta da magani sai rufi. A yafa wa teburin tsohon zanin gado ko leda duk lokacin da aka tashi. A goge dogo da tsumma marar gashi da ɗan sifirit, a goge ƙafafun ma. Ban da sanfefa, don tana barin zane da datti ke maƙalewa a ciki. Ban da soson ƙarfe ko kusa, domin maganadisun mota zai zuƙe ɓurɓushinsa. Mai kuma ɗigo ɗaya a bakin allura, irin siririn da ba ya cin roba. Baƙin mai da man gyaɗa ƙura suke tarawa su zama kwaɓa.

Yanzu ga inda muke da ra'ayi mai ƙarfi. Me ya sa ɗan Zariya zai kashe kuɗi yana gina ƙauyen Jamus da dusar ƙanƙara? Layin Baro zuwa Kano ya ratsa garin nan ya isa Kano a 1911. Daga Zariya reshen Funtuwa da Gusau ya tashi, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Daga Zariya kuma siririn layin da ake kira na Bauci ya hau tsaunukan Jos domin kuza, aka kammala shi a 1914, aka rufe a 1957. Duk waɗannan ana iya gina su daidai da awo. Tsohon layinmu faɗinsa milimita 1067 ne, ba 1435 irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ba. A ragin sau 87, dogo mai milimita 12 ne ya yi daidai da shi. Wanda kuma zai ƙera taragansa da hannu, ya yi su a ragin sau 64 a kan dogon HO, awon ya fita kusan cif. Layin Jos faɗinsa milimita 762 ne, dogon N mai milimita 9 shi ne tamkarsa a HO. Sabon shiga ba sai ya kai nan a shekarar farko ba. Ya sa dogon HO da ya samu, ya yi wa taragansa fenti, ya gina tashar Sabon Gari a gefe.

Kayan kuma a ƙofar gida suke. Mutum a HO santimita 2 ne, ƙofar zaure milimita 23, da wannan za a auna sauran. Katangar ƙasa da zankwayenta: kwali mai kauri, a shafe da jar ƙasa tankaɗaɗɗiya da aka kwaɓa da farin gam na kafinta. Rimi da kuka: a murɗa silin tsohuwar wayar wuta, a ware rassa, a rufe gindin da gam da garin katako. Tsakuwar layi: yashin rafi, a wanke, a shanya ya bushe ƙarau, a tankaɗe da rariya, sannan a bi shi da maganadisun tsohuwar lasifika sau biyu ko uku. Kada a tsallake wannan, ƙasarmu na da baƙin ƙarfe, kuma duk ƙwayar da aka bari cikin mota za ta ƙare. A baza shi da buroshi, a fesa ruwa sama-sama, a ɗiɗɗiga gam da ruwa rabi da rabi tare da ɗigon sabulun wanke-wanke don ya ratsa, a bar shi kwana ɗaya. Wurin sauya layi kuwa gam kada ya kusanci harsunansa masu motsi. Kuma ba a zuba tsakuwa sai jirgi ya yi mako biyu yana zagaye gaba da baya bai goce ba, don bayan gam ya kama, gyara sai da ɓarna.

Roƙonmu ga waɗanda suka riga suka yi nisa shi ne, in yaro ya zo da kan jirginsa na gwanjo a leda, a gwada masa shi a gabansa, a nuna masa abin da ya dace da abin da bai dace ba, a ara masa ma'auni da abin liƙa dalma. Ga Malam Edita kuma, in akwai masu karatu da ke riƙe da tsofaffin hotunan tashar Zariya, da rumfunan kaya da tankin ruwan jiragen gawayi, muna roƙon a buga su, domin da su za mu ɗauki awon gini.

Wassalam.

Daga wasu masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa,
Sabon Gari, Zariya.